Jinin da Baba ya bari a firiji

Ina tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis ƙanena Nasiru ya kira ni, ya ce Baba ya cika. Na yi Inna lillahi, na zauna a gefen rumfar wata mai nono.

Mahaifinmu, Dakta Isiyaku, a kan kaska ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya yi imani wani zazzaɓi da ke kwantar da makiyaya tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ya lafa ya sake dawowa, ba na sauro ba ne, ƙwayar cuta ce da kaska ke zubawa a jini. Ya bi rugage yana ɗiban jinin mutane da na shanu da yardarsu, yana yi musu alƙawarin amsa. Na'urar da za ta tabbatar da zancensa babu ita kusa, waɗanda suka ce za su kai jinin inda take kuwa kullum sai "an kusa". Sai ya ajiye shi a firiji mai aiki da hasken rana, cikin ɗakinsa a Gumel.

Firijin nan ya ɗaure shi. Ko ranar da aka kai ni gidan miji a Kano bai kwana can ba, kujerar Makka ma ƙanensa ya bar wa. Na ji haushi ƙwarai, ban ɓoye ba. Inna takan ce, "Malam, kai ne kaskar, firiji ne saniyar." Sai ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, jini amana ne. Masu shi suna jira."

Ranar sadakar uku wani dattijo, Arɗo Buba, ya nemi ganina a zaure. Bayan ta'aziyya ya ce, "'Yata, jinin ɗana Sale yana wurin Likita. Salen ya rasu bara. Me jinin ya ce?"

Na ce, "Baba Arɗo, shi ma bai kai ga ji ba."

Ya ce, "To, kada ku kashe firijin."

Ni malamar firamare ce, ban san komai a wannan ilimi ba. Amma na dawo gida da zama, makullin ɗakin yana hannuna, kuma na kasa zuwa ko'ina.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, ka kawo wanda zai karanta jinin nan tun Arɗo Buba yana da rai.