Kokawar da Na Koya a Ramin Kwaɓi

Shekaru sun ja, kuma ba na rantsuwa a kan duk abin da zan faɗa. Ina dai kyautata zaton shekarar da na gama makarantar boko ce, kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, aka tura ni Karakkai wajen kawuna in taya su aikin kaka.

Kawu tsohon ɗan kokawa ne. Ɗansa kuwa taubashina ne, wanda al'ada ta ba shi damar tsokanata yadda ya so. Da ya ga tafin hannuna sumul, sai ya sanar a gaban jama'a cewa ranar kokawar bayan girbi zai kayar da ni, ya raɗa mini suna Buhun Dusa. A garin nan in suna ya kama mutum, har jikokinsa sai sun gada. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Na yi abin da na iya. Na sami takarda, na zauna gefen fage ina rubuta dabaru: taɗiya iri huɗu, kamun ƙugu iri uku, kowanne da lambarsa. Amma duk sanda Kawu ya ce mu gwada, kafin in tuna ko ta biyu ce ta dace ko ta uku, sai in ga sama.

"Malam ƙarami, mi kaka karantawa da baki?" in ji Kawu. "Yasin ta?"

"Lamba nake nema, Kawu."

"To, ƙasa ta riga ka samunta."

Washegari bai kai ni fage ba. Ya kai ni ramin kwaɓi, inda ake taka jar ƙasa da ciyawa don ginin katanga. Muka shiga har gwiwa, ya dafa kafaɗuna, na dafa nasa, ya ce mu taka. Yana takawa yana tura ni, yana kuma tambayata labarin Gusau, wai da gaske ne Bature na cin ƙwai ɗanye? Santsi bai bar ni na shirya komai ba, surutu kuma ya cinye kaina. Kwana shida muka yi, ko bakwai. Wata rana na lura ƙafata tana matsawa tun kafin ya turo. Kafaɗarsa ce ke gaya wa hannuna. Da na tsaya in gane yadda aka yi, nan take na zauna cikin laka.

Ranar kokawa, bayan la'asar, makaɗa suka ɗauka. Taubashina ya shigo yana kirari, yana cewa a kawo igiyar ɗaure buhu. Muka sarƙe. Gaskiya ban san abin da na yi ba. Na ji nauyinsa ya koma ƙafar hagu, sai jikina ya bi, sai ga gwiwarsa a ƙasa, ni ma na bi shi na kife. Dattawa suka ce tasa ta fara taɓawa, sunan bai kama ni ba. Shi kuwa har ya tsufa yana cewa warkinsa ne ya kwance.

Wataƙila na ƙara wa kaina gishiri. In akwai wanda ya halarci fagen nan, ko ya ji daga bakin wanda ya gani, don Allah ya aiko mini da gyara, musamman a kan zancen gwiwar.