Noti Uku a Aljihun Mai-Alli

Shekara ashirin da biyu Mai-Alli ya yi yana gyaran birki, sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Duk tayar da ya gama ɗaure mata noti, sai ya zaro alli daga bayan kunne ya ja mata layi. Direbobi har sun daina dubawa. In dai akwai layin, sai su ta da mota. Tsantseninsa har haushi yake ba mutane: sifana ɗaya ta bar mazauninta, a yini ana jin faɗa.

Giya kuwa a hankali ta shigo rayuwarsa. Da farko sai an tashi aiki, daga baya kwalbar ta tare a akwatin kayan aiki, ƙarƙashin tsumma. Abin tsoron shi ne ba ta kayar da shi. Tafiyarsa daidai, gaisuwarsa daidai, sai dai gari na wayewa ba ya tuna abin da ya yi jiya. Matarsa ta taɓa ganin ƙuna a damtsensa, ta ce, "Maigida, wannan fa?" Ya ce salansar mota ce ta ƙona shi. Shi kansa bai sani ba.

Wata Laraba da safe ya sa hannu a aljihun rigar aiki, ya ji ƙarfe. Noti uku ne na taya, da maiƙonsu. Kallo ɗaya ya san ba na ƙaramar mota ba ne. Ga shi daga tsakar ranar jiya bai tuna komai ba.

Ya leƙa wurin mai faci, maƙwabcinsa, ya tambaye shi wace babbar mota ce ta fita jiya.

"Bas ɗin 'yan makaranta mana. Kai da ka sallame ta da hannunka, har kana tsokanar direban? Lafiya?"

Wato hannun nan ya saba, ya ja layin ko bai gama ɗauri ba.

Ya ciro waya ya kira lambar direban bas ɗin. Direban ya ɗauka, hayaniyar yara na tashi a bayansa.

"Ƙanena, ka tsaya. Yanzu. Ka duba tayoyinka."

Direban ya yi dariya. "Haba yaya, aikinka ne fa. Da asuba na zagaya, duk huɗun da layinka."

Mai faci na tsaye, ga masu motoci biyu a kan benci sun zuba masa ido. Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma tsoro ya fi ta ƙarfi.

"Kar ka yarda da layin. A buge nake jiya. Ban san abin da na yi ba. Notinka uku suna hannuna."

Dariyar ta ɗauke. Ta cikin wayar Mai-Alli ya jiyo wani ƙwas-ƙwas yana bin juyawar taya, ƙarar da ya sani tun yana koyon aiki.

"Yaya," in ji direban, muryarsa ta yi ƙasa, "mun riga mun shiga gangare."