Jeren Malam Bature

Bature taubashina ne, uwarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka abin da mutanen gari ke faɗa a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗa, kuma ba abin da zai yi. A garinmu, nan kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, shi ne ya riƙe makullin ɗakin karatu tun daga ranar buɗewa har ranar da aka kwashe shi.

Halin nasa gado ne. Uwarsa, Gwaggo Zulaihat, Allah ya jiƙanta, ba a yi mai jere irinta ba a unguwarmu. Samira da tangaram tun daga ƙasa har rufi, kullum tana gogewa, amma har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa cin tuwo a ɗaya. A wata tsohuwar roba Bature ya ci abinci har ya yi gemu. Nan ya koyi cewa abu mai kyau na kallo ne.

Da 'yan asalin yankinmu mazauna Kano suka haɗa ƙungiya suka gyara mana ɗaki kusa da kasuwa, sun yi abin arziki. Suka kawo littattafan Hausa da na boko da na addini, da bencina, da kwamfuta biyu, da sola. Suka ce a riƙa ba da aron littafi, a buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, malamin gona ya riƙa zuwa yana yi wa masu noman rani bayani, masu shirin jarrabawa kuma su sami wurin zama. Aka nemi mai amana, dattawa suka ce Bature, don ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Gaskiya suka faɗa. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne ko ya taɓa ba wani aron allurar.

Ya shirya littattafan nan dogo da dogo, gajere da gajere, ja kusa da ja. Wanda ya zo a leda ya bar shi a ledarsa. Kwamfutocin kuwa ya sa na ɗinka musu riga, ni ma da na ɗauka ta dare ce kawai. Manoma suka zo jin malamin gona, ya dubi ƙafafunsu ya ce a yi taron a gindin darbejiya, iska ta fi kaɗawa. 'Yan jarrabawa suka zo, ya ce masu naɗe gefen takarda ne. Mai neman aro kuwa sai ya ji, “Ka dawo in an gama tantancewa.” Me ake tantancewa, Allah kaɗai ya sani.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Hasiya mai ƙuli. 'Yarta na aure a nesa, tana turo mata saƙo a waya, ita kuwa sai ta kai wa maƙwabta su karanta mata, sirrin ɗakin 'yarta ya zama na unguwa. Ita ta fara zuwa ajin mata, da fensirinta a ƙulle a bakin zani. Bature ya tare ƙofa.

“Hasiya, mu ga hannunki.”

Ta miƙa. Ya shinshina daga nesa.

“Man gyaɗa. In ya taɓa takarda ba ya fita.”

“Malam, na wanke da sabulu.”

“Sabulu ba ya kai wa ƙarƙashin farce.”

Haka aka mayar da ajin mata baranda, malama na rubutu a allo, littattafan koyon karatun suna leƙensu ta taga. Da damina ta sauka feshi ya kori kowa, aji ya watse. Na same shi na ce, “Kai dai kaza ce da ta kwana a kan dami.” Ya ce ni tela ce, me na sani game da adana kayan gwamnati. Alhali ma ba na gwamnatin ba ne.

Sai ga saƙo cewa 'yan ƙungiya za su zo su ga yadda ake amfani da wurin, domin wani gari a wajen Kiru ya dame su da roƙo, in mu ba ma so a kai musu kayan. Kowa ya gane inda zancen ya dosa, ban da Bature. Shi abin da ya ji kawai, manya za su zo ganin jere. Ya wanke daɓe, ya goge kanta, ya sa turaren wuta, ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah.

Ina nan tsaye suka iso. Shugabarsu, wata Hajiya Bahijja, ta zaro littafi ɗaya ta buɗe, ya yi ƙara irin ta sabon takalmi. Ta zaro wani, shafukansa a manne. Ta ɗaga rigar kwamfuta, ta ga ko wayar wuta ba a warware ba.

“Malam, wa ke karanta waɗannan?”

Ya gyara hula yana murmushi. “Ranki ya daɗe, ko mutum ɗaya ban bari ya taɓa ba. Yadda kuka kawo su haka za ku same su.”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya Bahijja ta ce lallai ya yi ƙoƙari. Ya kwana yana ba da labarin an yabe shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ba a rufa wata ba mota ta zo ta kwashe komai. Shi da kansa ya taya lodi, yana ta jan kunnen direba kan gargada. Yanzu wani ɗan kasuwa ke tara buhunan masara a ɗakin.

Hasiya ba ta haƙura ba. Ta sami ƙanwarta da ke aure a garin da aka kai littattafan, duk mako ta hau mota da bokitin ƙulinta, ta sayar, ta zauna aji. Bayan kaka sai ga ta a ƙofar gidan Bature, muna zaune ana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ciro littafi daga hijabi, bangonsa ya yi laushi, gefensa duk mai.

“Malam, aro aka ba ni. Na ce bari in zo ka ji.”

Ta ɗora yatsa ta karanta shafi guda, tana tuntuɓe tana tashi, har ta kai ƙarshe. Idona ya cika da ƙwalla. Wannan ne karon farko da aka karanta littafin ɗakin karatunmu a cikin garinmu.

Bature ya karɓa da yatsu biyu, ya juya shi, ya gane shi. Ya dube ni.

“Turai, kin ga abin da nake gudu ko? Sun lalata shi.”