Mai Ciyawar Teku a Jambiani

Ruwa ya janye a ƙauyen Jambiani na bakin teku, Zuhura na tsaye a gaɓa tana kallon wata dattijuwa da ba ta sani ba. Matar na zaune cikin ruwa iya ƙugu, tana tsinke ciyawar teku daga igiyoyin da ta ɗaure tsakanin turaku. Siririya ce kamar turakun nata. Gishiri ya cinye furannin zanenta, ya tsattsaga mata yatsu, amma ko kallon hannunta ba ta yi. Idonta na kan teku, don in ya juyo, ciyawar da aka tsinke sai labari. Zuhura ta tabbata cewa da sana'ar nan matar ta raini 'ya'ya, wataƙila har da jikoki.

A jakar Zuhura akwai kwalbar ƙwayoyin rage ƙiba da ta sayo a birni, da hoton ciyawar a jiki.

"Sannu da aiki, Mama. Kin san da ciyawarki ake maganin ƙiba?"

Dattijuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta turo mata jiƙaƙƙen buhun ciyawa.

"Na sani, 'yata. Amma mu nan ba haɗiya muke yi ba, a ka muke ɗauka. Kama, ruwa na tafe."