Maganin Inna a Tallaja

Abin nan a kaina ya faru, Allah shi ne shaida, a ƙauyenmu gabas da Rufa'a, daminar da matata Hajara ta rasu.

Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon sukari, idonta kuma ya tafi. Allurarta sai a sanyi take zama, kuma Hajara ce ke lura da ita a firjinmu, wanda mu nan muke ce wa tallaja. Da aka tashi zaman makoki aikin ya dawo hannuna. Na kwashe kwalaben allurar daga tsakiyar tallaja inda Hajara ta saba ajiye su, na jera su a jikin ƙofarta don su yi mini saurin ɗauka.

Sai tallaja ta fara gumi. Ruwa a rufinta, ruwa a ƙasa, sanyin kuma ya ragu, ga maganin sai an haye kogi zuwa Hasahisa ake samunsa, wani lokacin ma a dawo hannu wofi. Kullum na dawo gona bayan la'asar sai in tarar da kwalaben a tsakiya, in mayar da su ƙofa, ina zaton matan maƙwabta ne masu zuwa neman ƙanƙara.

Na kira Usta mai gyara. Ya duba robar ƙofa, ya zura waya a ramin da ruwa ke fita, ya juya lambar sanyi. Ya ce, “Wallahi lafiyarta lau. Buɗe ta ake yi ana barin ta. Gidanka kasuwa ne?”

Na kulle ta, na tafi gona da mabuɗin a aljihu. Na dawo rana ba ta faɗi ba, ga ruwa kwance har bakin tabarmar Inna. Ƙofar a kulle take. Na buɗe, kwalaben suna tsakiya, a jere, rubutunsu na kallona.

Na tambayi Inna wa ya shigo. Ta ce, “Ba kowa. Na dai ji ƙarar robar, sai sanyi ya taɓa mini ƙafa, ya daɗe.” Sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ka bar su inda ka iske su. Ka cika gardama.”

Washegari na tambayi Usta inda ya dace a ajiye irin wannan magani. Ya ce tsakiya mana, ƙofa ai ita ce ta fi ɗumi, wa ya koya maka?

Na bar su a tsakiya. Daga ranar tallaja ta bushe, ba a canza mata ko ƙusa ɗaya ba. Ban ce Hajara ce ba, malamai sun hana mu irin wannan magana, ni dai addu'a nake yi mata.

Ku da ke karantawa, in firjinku ya yi gumi ku duba roba, ku duba ramin ruwa, ku rage buɗewa. In kuwa kun yi rashi, abin da mamacin ya ajiye kada ku yi saurin gusar da shi. Har yau in zan buɗe tallajar nan sai na yi sallama a hankali.