Kalandar Holan a Ɗakin Kakata

Kakata ta wajen uba ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa a cikin gida, a Ƙofar Mata. Wata shekara mai kawo mata kaya daga Kantin Kwari ya haɗo mata da kalanda, ya ce daga Holan ta zo. Ba ta karatun boko, watan Bature ma bai dame ta ba, amma ta sa aka buga ƙusa aka rataye ta, don a wurinta duk abin da ya fito daga Holan mai kyau ne.

Hoton jiki tsohon zanen hannu ne, duhu ya fi yawa a ciki. Wani dattijo mai jan mayafi ya dafa bayan wani saurayi da ya durƙusa a gabansa, kai a aske, riga a yage, takalmi ɗaya ya fice. Can gefe wani dogo yana tsaye ya haɗe rai.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Masu yi wa duniya sutura, ga nasu ɗan cikin tsumma."

Lokacin ina kwaleji, don haka ni ta sa na karanta mata rubutun da ke ƙasa. Na ce labari ne daga littafin Kiristoci. Yaron ya karɓi gadonsa, ya shiga duniya ya cinye, ya dawo, uban ya yanka masa maraƙi.

"Gado? Uban yana numfashi?"

"Haka aka rubuta, Hajiya."

"Wannan mai tsayuwar fa?"

"Wansa ne, wanda ya zauna yana yi wa uban noma."

"To shi kaɗai ne mai hankali a gidan. Da ni ce shi, ko romon ba zan sha ba."

Babban baffana, wanda yake karantar da ɗalibai a zaure, ya ce a sauke ta, hoto ne, kuma na Nasara. Ta ce ɗakinta ne. A ƙarshe aka daidaita a kan ta riƙa lulluɓe ta da ɗankwali idan za ta yi salla. Wani lokaci takan manta ta bar su a rufe har kwana biyu, sai ta tuna ta ce a buɗe bayin Allah su sha iska.

Ana nan, sai ga autanta da ya tafi Legas shekaru ba labari ya yi sallama da hantsi, da 'yar jaka ɗaya, duk ya rame. Kakata ta kama hannunsa har ɗaki, ta nuna masa bango.

"Gai da ɗan'uwanka."

Ya durƙusa kawai. Muna jiran faɗa, sai muka ga ta dafa kansa tana share ido da gefen zani. Ta ɗago ta ga babban baffa a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

"Malam, matsa daga nan, ka yi kama da wancan. Ka je ka yanka zakara, maraƙi sai Turawa."

Ya yanka, yana ta ƙunƙuni, amma da aka sauke tukunya shi ya fara miƙo kwano. Bayan sati biyu ya kai ƙanin nasa wurin wani abokinsa a karofi, ya fara koyon rini. Har ta rasu ban taɓa jin ta tambaye shi me ya yi a Legas ba.