Kalmar da ta Fara da P

Mutum bai cika mutum ba sai yana da kalma guda da zai yarda a kore shi daga aiki a kanta. Tawa ita ce patibulary.

A sakandare na tsince ta, ranar da aka hore ni da kwafe shafi guda na ƙamus. Ma'anarta abin da ya shafi rataya, ko katakon da ake rataye mai laifi a kai. Shekara talatin ina dakonta ban sami inda zan sauke ta ba, sai a Riyad, a wata cibiyar koyar da Turanci da nake aiki a unguwar Ulaya.

Sabon mudir, wato shugaban cibiyar, aka kawo mana, mai aƙidar cewa Turanci sai Bature. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, saura wata biyu, sabunta ta kuma a hannunsa take. Ya ƙirƙiro tantancewa: malami ya tsaya a tsakiyar ɗaki, mutum uku na zaune suna jefo masa tambayoyi. Da aka gama da ni, ya ce yaya na ga zaman. Na ce masa yanayin ɗakin patibulary ne.

To, ni Bahaushe ne. P ɗina tun daga gida F yake fita. Mudir ya buga kalmar a kwamfuta da F, bai ga komai ba.

"Ma fi, ya ustaz," in ji shi. Wato babu.

Na buɗe baki in faɗi sunan harafin, sai ya fito "Fi!", wanda a Larabcinsu yake nufin akwai.

"Ma fi!"

"Fi!"

Muka yi ta haka kamar masu cinikin tumatir. Can ɗaya daga cikin na zaune ya gane harafi nake nufi. Shi kuma Balarabe ne, P ɗinsa B ne. Aka buga da B. Nan ma babu.

Mudir ya jingina da kujera. "Ka ce kuskure ne, ustaz, halas, shi ke nan. Kowa na yi. Sai mu duba maganar iƙamarka."

Na tuna hayar gidana a unguwar Shifa da makarantar 'yata. Na tuna kuma da hannuna na kwafe shafin nan, har yatsa ya yi kanta.

"Ranka ya daɗe, bakina ne ya yi kuskure. Kalmar lafiyarta ƙalau."

Na ɗauki alƙalaminsa ba tare da izini ba, na zana P ƙato a bayan takardar tantancewar, na jera masa sauran haruffan. Ya buga. Ya karanta ma'anar sau biyu, ya dubi tsakiyar ɗakin inda na tsaya, ya fashe da dariya.

"Wallahi fi! Sah, gaskiyarka, ya ustaz. Ni ban taɓa jin ta ba."

Sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan. Takardar sallamata ce, an sa mata hannu tun ranar Lahadi, kafin ma a tantance ni.